Gurbin da Na Bari a Katangar Samad

Ƙauyenmu yana yamma da Managil, a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya cirar auduga, Allah ya ƙaddara nan ne makwancinsu. A tur'ar nan muke ɗiban ruwan sha, a nan mata ke wanki, a nan awaki ke sauka da hantsi. Duk wanda ya taɓa ruwan nan ya taɓa kowane gida.

Mu biyu ne maza wurin mahaifiyarmu, ni da yayana. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana. Ni aka ba allo, shi aka ba shi fartanya, kuma bai taɓa yi mini gori a kan haka ba. Na yi karatu har na soma koyar da yara a zauren masallaci, mutane suna ce mini faki kamar yadda Larabawan nan ke kiran malami. Yaya kuwa yana noma hawasha, gonar rabo ta wani mutum, in an girbe su raba amfani. Yana da jaki da karo, wato amalanke, yana ɗaukar kaya a kai.

Mai hawashar shi ne samad ɗinmu. Samad manomi ne da ake ɗorawa a kan sauran manoma, ya duba rabon ruwa da maganin ƙwari, shi ne kuma bakinsu wurin jami'in gona. Namu Bahaushe ne kamar mu, kakansa da kakanmu a ayari ɗaya suka iso. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da daɗin murya. In ya yi maka sallama sai ka ji kamar kai kaɗai ya fito nema.

A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin auduga tana da sauran daraja, an yi feshi, aka bar barmil-barmil, wato gangunan maganin, babu komai a ciki sai guntun da ya kwanta a ƙasa. Ƙa'ida ita ce a huda su a binne. Amma barmil abu ne mai amfani a gida, kowa yana sha'awarsa don tara ruwa. Samad ya ce wa Yaya ya ɗauke su a karo ya kai masa bayan gida. Yaya ya kai, da rana tsaka, kowa yana gani.

Washegari bayan sallar asuba Inna ta ɗauki tulu ta tafi tur'a. Ta tarar da samad a cikin ruwa, ya naɗe wando har gwiwa, yana jujjuya barmil yana zubarwa. Ruwan da ke kewaye da shi ya yi fari kamar an zuba nono. Ta gaishe shi, ya amsa. Ta juyo da tulunta babu ruwa, tana bin gidaje tana cewa kada a ɗiba. Wasu sun riga sun ɗiba. Kafin azahar kifi ya taso yana yawo da ciki sama, awaki suka dinga faɗuwa a bakin ruwa suna kumfa, aka kwashi yarinyar maƙwabtanmu zuwa asibitin Managil tana amai. Ta rayu, da ikon Allah. Awakin ba su tashi ba, kuma su ne dukiyar zawarawa da tsofaffin ƙauyen.

Jami'in gona ya zo, aka taru a inuwar masallaci. Samad ya miƙe, ya yi salati, ya ce:

"Ni dai na ba yaron nan barmil ya kai rami. Abin da ya yi da su bayan haka, shi da Ubangijinsa."

Yaya ya ce, "Baba samad, bayan gidanka ka ce in kai."

"Ɗana, kada tsoro ya sa ka ƙara laifi a kan laifi."

Mutane da yawa sun ga barmil a karon Yaya. Ba wanda ya ce ya ga samad a ruwa. Inna ta ɗaga murya daga bayan danga ta faɗi abin da ta gani, liman ya ce mata cikin taushi, uwa ba ta yi wa ɗanta shaida. Aka watse a kan haka.

Yaya bai jima a ƙauyen ba. Yara suna binsa suna ce masa mai guba, manya suna janye tabarma in ya zo zama. Ya sayar da jakin, ya tafi Dinder yankan riɗi, daga nan ya wuce Rusairis yana taya masu kamun kifi a bayan madatsar ruwa. Can zazzaɓi ya kama shi. Wani direban lori ne ya kawo mana labarin rasuwarsa, tare da rigarsa da carbinsa a ɗaure cikin ƙyalle. Har yau ban san kabarinsa ba.

Samad ya zo ta'aziyya. Ya ɗaga hannu muka yi fatiha, ya zauna a tsakiyar tabarma inda kowa zai ji shi, ya ce:

"Ma'alesh, faki, sai haƙuri. Abin da ya faru ya faru. Ni Allah ya sani tuni na yafe masa."

Mutane suka ce Allah ya saka masa da alheri. Ina riƙe da butar shayi a lokacin. Na zuba masa, na sa masa sukari. Amma wannan magana ta shiga ƙirjina ta zauna, kuma ban taɓa roƙon Allah ya cire ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne azumi. A nan ba a buɗa baki a cikin gida. Maza suna shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, kowane gida ya fito da tirensa, a haɗa a ci tare, matafiyi ma a tare shi a zaunar da shi. Inna ta iya tuwo, ta iya kunun tsamiya irin na mutanen da. Tun daga shekarar barmil, tirenmu yakan koma kamar yadda na fito da shi, sai gurbin hannuna kaɗai. Ba wanda ya ce kada a ci. Hannu ne kawai yake zuwa ya kauce. Na taɓa cewa ta daina wahala, mu ci namu a ciki. Ta ce:

"In na bari, na yarda ke nan. Ɗauki ka tahi."

Haka na yi ta ɗauka, azumi bayan azumi. In na dawo takan buɗe murfin ta duba, ta rufe.

Shekaru suka shuɗe, auduga ta lalace, samad ya koma gyaɗa da alkama ya yi arziki. Sai aka ji zai tafi aikin hajji. Al'adarmu ce mai niyya ya nemi yafiya kafin ya tashi. A zamanin iyayenmu gida-gida ake bi, a durƙusa, a ambaci laifin da sunansa: na ci iyakar gonarka, na zagi uwarka ranar kaza. Da aka sa lasifika a masallaci sai abin ya yi sauƙi. Ranar Juma'a bayan sallama samad ya karɓi abin magana daga hannun liman.

"Jama'a, ni ɗan Adam ne, kuma duk mai mu'amala da mutane ba ya rasa kuskure. Wanda duk yake ganin na saɓa masa, da sani ko ba da sani ba, ya yafe mini don Allah. Ni ma na yafe wa kowa, rayayye da matacce."

Wani tsoho mai barkwanci ya ce daga sahun baya, "Har da jakina da ka ara ka maido shi yana ɗingishi?"

"Har da shi, kawu. Shi ma jakin ya yafe."

Aka yi dariya, masallaci ya amsa da murya ɗaya, mun yafe, Allah ya kai ka lafiya. Na kalli bakunan mutanen da awakinsu suka mutu suna yafe abin da ba su san shi ya yi ba. Nawa bakin a rufe yake.

A ƙofa ya dafa kafaɗata. "Faki, ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a."

Na ce, "Baba samad, gidan ba shi da nisa."

"Ai na faɗa a lasifika. Ta ji."

Ta ji kuwa. Na same ta a madafa tana shafa kisra, wainar dawa marar kauri, a kan kasko. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Rayayye da matacce. Wai ɗana shina cikin waɗanda anka yafe ma."

A ƙasar nan in alhaji ya kusa dawowa akan shafe katangar gidansa da farar ƙasa, a yi rubutu a kai da shuɗin wanki, a zana Ka'aba, wani lokaci har da jirgi. Rubutun sananne ne, ko wanda bai yi karatu ba ya haddace shi, gaɓa uku ne: hajjun mabrur, wa sa'ayun mashkur, wa zanbun magfur. Wato hajji karɓaɓɓe, sa'ayi abin godiya, zunubi gafartacce. A ƙauyenmu ni nake wannan rubutu, don hannuna ya saba da alƙalami tun ina yaro. Babban ɗan samad ya zo ya ce in je in yi musu. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Na faɗa wa Inna, ina tsammanin za ta hana. Sai ta ce:

"Tahi. Ka rubuta mishi abin da hannunka ka iya ɗauka."

Na yi tunani a kan abin sosai, don ina tsoron Allah, kuma ba ni ke raba gafara ba. Karɓar hajji tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ina yi wa kowane musulmi fatan haka. Sa'ayi ma haka. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya sauke. A cikin zunuban samad akwai wanda ba na Allah kaɗai ba ne, na tsohuwar nan ne da ke buɗe murfin tire tana rufewa.

Katangar tana kallon hanyar mota. Na auna ta kashi uku da igiya, kamar yadda na saba. Ban taɓa ƙawata rubutu kamar na wannan rana ba. Na ja haruffa dogaye masu kauri, na yi musu wasali irin na allon zayyana, na zana Ka'aba a sama. Na cika kashi na farko, na cika na biyu. Sai na wanke burushina, na zubar da ruwan a gindin dalbejiya.

Ɗan samad ya ce, "Faki, saura fa?"

"Na gama."

"Shuɗin ne ya ƙare? A aiko da wani."

"Bai ƙare ba."

"To ina zanbun magfur?"

"Yana hannun Inna. In ta ba ni, sai in zo in sa."

Ya waiga hanya. Masu wucewa sun riga sun tsaya. Da zai sa a shafe duka, amma motar alhazai tana hanya, kuma katanga fara fat ba rubutu ta fi wannan abin kunya. Haka aka bar ta.

Da la'asar motar ta iso. Mata suna guɗa, aka yanka rago a ƙofar gida, alhaji ya sauko cikin farar jallabiya ya tsallake jinin. Ya ɗaga kai yana murmushi yana karantawa, leɓensa yana motsi. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, leɓen ya ci gaba zuwa ta uku, ido bai sami komai ba. Ina tsaye a hayin hanya. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna shi. Allah ya gafarta mini in laifi ne, amma ruwan sanyi bai taɓa yi mini daɗin da wannan kallo ya yi mini ba.

Bayan 'yan kwanaki ya zo gidanmu. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da liman da dattawa, da ƙullin dabino da gorar zamzam, don a shaida. Inna tana zaune a kan gadon igiya a tsakar gida, ta ja mayafi. Ya tsaya, bai durƙusa ba.

"Inna, na dawo daga ɗakin Allah da zuciya fara. In har akwai wani abu da kika riƙe a ranki game da ni, to ki yi haƙuri."

"Wane abu?"

"Duk abin da ya gabata."

"Abu ba shi da suna? Ni ruwa na gani ya koma nono. Wa ya wanke barmil?"

"Inna, lokacin nan Shaiɗan ya shiga tsakanin mutane."

"Ashe Shaiɗan na gaida da asuba ya amsa mini. Shi ma wando yaka naɗewa har gwiwa?"

Wani daga cikin dattawan ya yi tari don ya ɓoye dariya. Liman ya ce, "Inna, mai yafiya Allah yana sonsa."

"Na sani, malam. Ni ma ina son in yafe, na gaji da ɗaukar abin ga. Shi koma inda ya ɓata sunan ɗana, shi ɗauki lasifikar nan tasa, shi ce ni na wanke, yaron bai yi ba. Kafin shi sauko na yafe."

Alhaji ya juya wurin dattawa ya buɗe hannuwa. "Kun dai gani. Ni na yi nawa."

Ta karɓi zamzam, ta ce wannan na Allah ne. Dabinon ta ce in bi su da shi.

Alhaji ya ɗauko mai fenti daga Managil, wanda ke rubuta allunan shaguna, ya cike gurbin da koren fenti mai maiƙo. A nan ne ya yi kuskuren da ban shirya masa ba, Allah ne ya shirya. Shuɗin wanki a kan farar ƙasa ba ya wuce damina ɗaya, shi ya sa ake amfani da shi, don murnar ta shekara ce. Ruwa ya sauka, nawa rubutun ya bi ƙasa, Ka'aba ta wanke, hajji da sa'ayi suka tafi. Koren fenti ya tsaya shi kaɗai a ƙarshen katanga: wa zanbun magfur. Ya sa aka shafe da farar ƙasa, damina ta sake fito da shi. Ya sa aka kankare, fentin ya riga ya shiga jikin siminti, sai ya zama kamar an sassaƙa shi.

Masu ƙananan motocin Managil suka mai da wurin tasha. Kana ciki za ka ji ana cewa, akwai mai sauka a Zanbun Magfur? Baƙo kuma ba ya rasa tambaya, wane zunubi ne wannan da aka rubuta shi shi kaɗai? Tun ana cewa ba a sani ba, har aka soma ba da labarin barmil, da abin da tsohuwa ta ce game da wandon Shaiɗan. Mai ba da labari in ya maimaita shi sau da yawa, shi da kansa yakan fara jin inda ya karkace.

Wani azumi na fito da tire kamar kullum. Kusa da ni akwai tsohon mai gadin ƙofar ruwa, wanda a da shi ke buɗe wa gonaki ruwa da sassafe. Ya yi ritaya, ido ya soma yi masa rauni. Alhaji yana can ƙarshen tabarma. Da aka kira salla muka sha ruwa, sai tsohon ya jawo tirenmu gabansa, ya yi bisimilla, ya yanki tuwo. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ce ba tare da ya kalli kowa ba:

"Ni ma na gan shi ranar nan. Ina kan ƙofar ruwa. Aikina yana hannunsa, ina da 'ya'ya, na yi shiru."

Ba wanda ya tambaye shi wa yake nufi. Alhaji ya ce zai je ya sabunta alwala, bai dawo ba. Mahaifin yarinyar da aka kai asibiti ya miƙo hannu cikin tirenmu, wani ya bi, wani ya bi. Na koma gida da kwanuka a suɗe. Inna ta buɗe murfin kamar yadda ta saba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce gobe a ƙara gari, kuma ta kira sunan Yaya sau ɗaya, a hankali, kamar yana ɗaki.

Alhaji bai taɓa faɗa ba. An cire shi daga samad, ya daina fitowa shan ruwa a hanya, amma in aka taɓo zancen sai ya ce shi ya nemi yafiyar kowa a gaban jama'a, wanda ya ƙi ya ƙi don kansa. Inna ta riga shi tafiya. A ciwonta na ƙarshe na tambaye ta ko ta sauke masa, don kada in riƙe abin da ta saki. Ta ce:

"Ƙofa ta nan buɗe. Kalma guda ce. In ya faɗi, ka yafe da bakina. In bai faɗi ba, ka bar mini shi."

Da nasa ciwon ya yi tsanani ya aiko a kira ni. Na je, don ina ɗauke da saƙo. Ɗakin cike yake da 'ya'ya da surukai. Ya rame, muryar nan mai daɗi ta zama siririya. Ya kama hannuna ya ce:

"Faki, mu yafi juna."

Na sunkuya kusa da kunnensa, don ban so in kunyata mara lafiya. Na ce, "Alhaji, ni ban san abin da na yi maka ba. Kai me ka yi? Faɗa mini ko a hankali ne, ɗanka ya ji, ni in ji, ya wadatar."

Ya dube ni, ya dubi 'ya'yansa. Na ga maganar ta zo har maƙogwaronsa. Sai ya ce, "Dukanmu masu kuskure ne," ya juya fuska ga bango.

Da ya rasu na yi masa salla, don hakkin musulmi ne. Na sa kafaɗa a makararsa, na zuba ƙasa da hannuna. Da liman ya ce jama'a a yafe masa, maƙabarta ta amsa, ni na dubi ƙasa. Ba ni da ikon bayar da abin da aka ce in bari.

'Ya'yansa sun sayar da gidan sun koma Wad Madani. Wanda ya saya ya mai da zauren shagon gyaran babura, bai damu da katanga ba. Koren ya dushe amma ana karanta shi. Duk lokacin da na dawo daga Managil a nan nake cewa a sauke ni, ko da yake akwai tashar da ta fi kusa da gidana.